Katangar Thurman Speight

A garinmu, nan gabashin Carolina ta Arewa, da watan Maris ya kama aiki yakan zama jeka-na-yi-ka. Gasar ƙwallon kwando ta kwalejoji ce take tashi. Malaman makaranta su turo talabijin cikin aji su ce darasin lissafi ake yi, mai aski ya bar ka da rabin kai, fasto ya gajarta wa'azi. Kowa da launin da yake bi, masu shuɗi mai haske, masu shuɗi mai duhu, da masu ja, kuma akwai gidajen da miji da mata kan yi mako uku ba sa ga-maciji.

A kamfanin Pruden da 'Ya'ya, inda ake ƙera kabad na kicin, akwai wata tsohuwar talabijin a kan firjin ɗakin cin abinci. Mutum goma sha shida ne ke aiki a wurin, kuma Thurman Speight ne kaɗai a cikinsu ya taɓa buga wasan a kwaleji. Shi ne kuma wanda ya fi kowa tsuke baki in ana kallo. Yakan tsaya can baya da kofinsa, kowa na bin ƙwallo da ido, shi yana kallon wani ƙato a gefe wanda ƙwallon ba ta ma kusance shi ba. In an ci, ɗaki ya kaure da ihu, sai ya ɗan gyaɗa kai ya ce, "Wancan ne ya ci," ya nuna mutumin da ko mai sharhi bai kira sunansa ba.

Ɗan manoman taba ne. Yana da shekara goma sha bakwai Koci Haywood Bynum, na wata ƙaramar kwalejin coci, ya gan shi yana loda ganye a mota, ya tsaya ya ƙare masa kallo sama da ƙasa, ya tafi wajen uwarsa. A ranar atisaye ta farko kocin ya ba shi ƙwallo ya jefa sau goma, biyu suka shiga. Sai ya karɓe ta ya ce, "Speight, hannunka ba na jifa ba ne, amma Ubangiji ya ba ka faɗi. Zo ka tsaya nan."

Abin da ya yi ke nan shekara huɗu, katanga. Ka je ka tsaya ƙyam a hanyar wanda yake gadin abokin wasanka, ya taho a guje ya yi karo da kai, abokin ya samu sarari ya jefa. Sharaɗin ɗaya ne, kada ƙafarka ta motsa, in ta motsa alƙalin wasa ya hura maka usur. Gwiwar hannu za ta same ka a haƙarƙari, goshi ya same ka a haɓa, kai dai tsaya. Takardar da ake rubuta bajintar 'yan wasa tana da gurbin maki, da na wanda ya miƙa ƙwallo, har da na laifi, amma babu gurbin katanga. Maki arba'in da uku Thurman ya ci a duk zamansa na kwaleji. Sau ɗaya suka je gasar ƙananan kwalejoji, suka ci wasan farko da jifan ƙarshe na wani Cleon Whitaker, jaridar gari ta buga hoton Cleon yana shawagi a sama. A gefen hoton akwai kafaɗa da rabin kunne. Matar Thurman, Odessa, ta sa hoton a gilashi ta rataye a falo, duk baƙon da ya shigo sai ta nuna masa ta ce wancan kunnen mijinta ne.

Da ya gama sai ya shiga wajen tsoho Mista Pruden, ya yi shekara talatin da tara a ɗakin gugar katako, inda ake bin ƙofofin kabad da samfefa kafin fenti. A can ma halin bai canza ba. Shi ke canza matatar ƙura kafin kowa ya iso, shi ke wasa bakin kayan aiki, shi ake kira in falanki ya fi ƙarfin mutum ɗaya. In ƙofa ta zo masa a karkace yakan ɗauke ta ya mayar wa mai yanka a ɓoye. Mista Pruden kuwa masifaffe ne na bugawa a jarida. Duk ranar da ya fito daga ofis fuska jawur yana neman wanda ya ɓata oda, sai ya tarar da Thurman ya cika bakin ƙofa yana tambayarsa lafiyar karnukan farautarsa. Kafin tsohon ya gama labarin karnuka an gyara abin da ya ɓaci.

Kada a ɗauka waliyyi ne. Thurman ya san abin da yake yi, kuma yana jin daɗinsa ƙwarai. A ransa yana ganin duk wurin a kafaɗarsa yake, rashin yabon ma wani irin ado ne a gare shi. Yana ɗan raina masu son a gan su, ko da yake bai taɓa faɗa ba.

Mutum biyu ne a ɗakin gugar, shi da Inez Battle. Ita 'yar ƙarama ce, bazawara, baki kamar reza, shekararta goma sha tara a bencin da ke fuskantar nasa. 'Yar ja ce ta gani-kashe-ni, shi kuwa shuɗi mai haske, don haka kullum cikin tsiya suke. Dogo take kiransa. Hannunta ya fi nasa sauri nesa ba kusa ba, tana fitar da ƙofa saba'in a mako yana fitar da arba'in da 'yan kai, tunda rabin yininsa a bencin wasu yake ƙarewa. Ba wanda ya taɓa damuwa da wannan. Kowa dai yakan rubuta haruffan sunansa da fensir a ƙasan ƙofar da ya goge, T.S. ko I.B., don in ta dawo da gyara a san wa za a nema.

A kakar da ta wuce aka gano Odessa tana da ciwon daji. Duk bayan mako uku Thurman kan kai ta Greenville a yi mata ƙarin ruwan magani, kuma inshorar aikinsa ce ke ɗauke da duk wannan. Shekararta sittin da ɗaya, saura huɗu kafin inshorar gwamnati ta tsofaffi ta karɓe ta. Duk ranar da aikin ya tafi, inshorar za ta bi shi. Inez ta san haka, domin ita ce ke kai musu miyar kaza duk ranar da suka dawo daga asibiti.

A wannan lokacin tsoho Mista Pruden ya shekara biyu da rasuwa, jikansa Garrett ke riƙe da kamfanin. Garrett ba mugu ba ne. Ya yi karatun kasuwanci a Charlotte, ya dawo da fara'a da tarin dabaru, yana ce wa manya Mista da Mis yadda aka tarbiyyantar da shi. A Juma'ar da ta gabaci gasa ya tara su, ya sayo soyayyen kifi da burodin masara, ya haska majigi a bango: darussa biyar da gasar Maris ke koya wa kamfani. Ya yi magana mai daɗi a kan haɗin kai, ya ce ɗan wasa ɗaya ba ya cin kofi, ya ce su ma ƙungiya ce. Har ya nemi Mista Thurman ya shaida, Thurman ya ce haka ne. Daga nan ya yaye wani ƙyalle, sai ga babban allo irin na gasar, da sunayensu goma sha shida an jera bisa lamba, an haɗa su biyu-biyu kowa da abokin karawarsa. Duk mako za a ƙirga abin da mutum ya fitar, wanda ya fi ya wuce gaba, zakara ya tafi gida da sabuwar talabijin. Wato bayan darasin haɗin kai sai aka raba ƙungiyar gida goma sha shida, mai darasin kuma ko a jikinsa.

Aka yi ta dariya da ba'a. Inez ce lamba uku, Thurman lamba sha huɗu, kuma a tsarin gasa uku da sha huɗu suke haɗuwa. Delbert mai yankan katako ya ce a kira motar asibiti tun yanzu, za a yi wa Dogo kisan gilla.

Bayan an watse Garrett ya kira su biyun ofis. Bai iya haɗa ido da kowa ba. Ya ce babban maginin da ke sayen rabin kayansu ya koma wani wuri, daga Afrilu mutum ɗaya ɗakin guga zai iya ɗauka. Ya ce ya kasa zaɓa, domin a gabansu ya girma, kuma ba ya son a ce ya yi son kai. Don haka wasan da za su yi mako mai zuwa shi zai raba gardama. Da gaske ya yi imani adalci ke nan.

Inez ta dube shi ta ce, "Garrett, na san ka tun kana yawo da majina a cikin garin katako. Kakanka da zai kore ni da bakinsa zai faɗa."

Ya ce ya sani, Mis Inez. Suka fito.

Ranar Litinin Thurman ya zo da wuri kamar kullum, ya canza matata, ya kama wa Delbert falanki, ya gyara wa direba igiyar ɗaurin kaya. Ƙofa takwas ya goge. Inez ta goge sha huɗu. Da yamma suna cin abinci ya faɗa wa Odessa, wadda tun Juma'a ta san halin da ake ciki. Ta daɗe tana juya cokali a kwano, ɗankwali ɗaure a kan da babu gashi. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma roƙe shi ba.

"Speight," ta ce, don da sunan gidansu take kiransa tun suna saurayi da budurwa, "shekara arba'in kana tsaya wa mutane. Mako ɗaya tak nake nema. Ka jefa."

Washegari ya wuce matatar bai ko kalle ta ba. Delbert ya ƙwala masa kira daga wajen zarto, ya ce masa ya nemi wani. Ƙofa ta zo masa da ɗan karkata a kusurwa, ya gani sarai, ya goge ta ya sa T.S. ya ajiye a amalanke, tunda ita ma za a ƙirga ta. Direba ya zo neman hannu, ya nuna masa kunnensa alamar ƙarar inji ta hana shi ji. Sai ga wani abu da bai zata ba, ashe yana da sauri. Manyan hannuwan nan da koci ya ce ba na jifa ba ne suna shafe faffaɗar ƙofa a bi uku. Kuma abin ya yi masa daɗi. Wannan ne ya fi ba shi kunya, yadda kowace ƙofa da ta faɗa amalanke take sanyaya masa rai. Daga ranar Laraba ya daina ƙirgawa, don ƙirgen na rage masa hanzari.

Wurin kuwa ya fara tsami. Ƙura ta tsaya a iska, kowa na tsaki. Falanki ya kuɓuce wa Delbert ya kare a gefe. Mutum biyu a sashen harhaɗawa suka yi cacar baki a kan wa ya ɗauke wa wa ƙarfen matse katako, abin da ba a taɓa ji ba. Garrett na zagayawa yana murna, wai gasa ta zaburar da kowa.

Alhamis da tsakar rana aka buɗe gasar ta gaske. Kamar yadda aka saba kowace shekara, injuna suka mutu, kowa ya tafi gaban talabijin, har da Garrett. Ɗakin guga kaɗai ke ƙara. Daga can ana jiyo ihu jefi-jefi, su biyun kowa ya sunkuya a bencinsa, farar ƙura ta rufe musu gira.

Inez ce ta fara magana, ba ta ɗago ba. "Ashe ka iya aiki, Dogo. Shekara sha tara kana yawo kamar mai neman akuyarsa, ashe lalaci ne."

"Ke dai ji da naki. Mutanenki ne ake lallasawa a can, ki ji shirun Delbert, ɗan jan nan naku."

"Jajaye ba sa mutuwa a zagayen farko. Naku ne 'yan gayu, a taɓa su su faɗi suna kiran alƙali." Ta hure ƙurar ƙofarta. "Odessa ta ci wani abu jiya?"

"Ta ɗan taɓa."

"Yaushe za ku koma?"

"Alhamis mai zuwa."

Ta ce to. Ya san ba ta da kowa sai wata yaya a Rocky Mount da ba sa jituwa, ya san mace mai shekara hamsin da tara ba ta samun wani bencin a garin nan. Ya ƙara wa injinsa wuta.

Juma'a ƙarfe uku Garrett ya shiga ɗakin da ake tara ƙofofin da aka goge da takarda a hannu, yana ɗaga ƙofofi ɗaya-ɗaya yana duba ƙasansu. Ya fito ya rubuta a allo: Thurman saba'in da huɗu, Inez sittin da tara. Waɗanda ba su san abin da ke ƙasa ba suka ɓarke da sowa, wai sha huɗu ta kayar da uku, ba-zatan bana ke nan. Delbert, duk da haushin da yake ji, ya buga masa kafaɗa. Thurman ya ji wani sauƙi ya sauko masa, a ƙarƙashin sauƙin kuma akwai alfahari, ba zai iya musunsa ba. Ya jefa, ta shiga.

Garrett ya ce wa Inez tana iya zama har ƙarshen wata. Ta ce ta gode, ba ta zaman makokin kanta. Ta naɗe rediyonta da matashin kujerarta a jaka, ta wanke kofinta, ta bi kowa ta yi masa sallama da tsiyar da ta dace da shi. Sai a lokacin sauran suka gane. Da ta zo kan Thurman ta ɗaga kai ta kalle shi daga can ƙasa ta ce ya gaida Odessa, kuma don Allah ya canza matatar nan kafin ƙura ta kashe bayin Allah.

Litinin shi kaɗai ne a ɗakin. An ce ya naɗe ƙofofin makon jiya a bargo, mota za ta kai su wajen fenti. Yana juya wata ke nan idonsa ya faɗa kan fensir ɗin. T.S. ne, amma ba nasa ba. Thurman bahago ne, haruffansa baya suke kwantawa, S ɗinsa kamar biyar. Wannan kuwa a miƙe yake tsaf, rubutun wadda ta yi makaranta a hannun malamai masu bulala. Ya san rubutun, shekara sha tara yana ganinsa a ƙasan ƙofofi, bana kuma a jikin kwanon miya. Ya ajiye ta gefe. Ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya, ya ware bakwai.

Lissafin ba mai wuya ba ne, amma sai da ya yi shi sau biyu. Nasa sittin da bakwai. Nata saba'in da shida. Duk gudun da ya yi, duk mutanen da ya juya wa baya, ko kusa da ita bai je ba.

Da lokacin abinci ya yi ya fita wajen ajiye motoci ya kira ta. Tana ɗagawa ya jiyo talabijin, ana maimaita wasan jiya.

"Inez, na ga ƙofofin."

"Waɗanne ƙofofi? Kamfanin ƙofofi kake aiki, Dogo, dole ka ga ƙofofi."

"Bakwai ne. Rubutunki ne."

"Idonka ya fara mutuwa. Ka je a ba ka tabarau tunda kana da inshora."

Ya ce zai shiga wajen Garrett yanzu ya nuna masa. Sai ta rage ƙarar talabijin ɗin.

"Saurara, Thurman." Bai tuna ranar da ta taɓa kiransa haka ba. "In ka shiga ofishin nan, ni zai kora don na yi maguɗi, kai ya kore ka don ka faɗi, ya ɗauko ɗan wani ya ba shi bencin. Ka ɗauka kai kaɗai ka iya tsayawa? Shekara sha tara ina kallonka, ko jaki ne ya koya. Ni na tsaya, ƙafata ba ta motsa ba. Kada ka sa in sha karo a banza."

"To ke fa? Me za ki yi?"

"Zan kalli jajaye su ci kofi, in zo gidanku in yi maka dariya. Kashe wayar nan, ana jifan fanareti."

Ya koma ciki. Ofishin Garrett na gilashi ne, taku ashirin daga ɗakin guga, ga shi nan zaune yana waya, ƙofa a buɗe. Thurman ya tsaya a tsakani ya daɗe. Tun yana ɗan sha bakwai yake ɗaukar kansa mutumin da ba a yi wa komai, shi ke yi wa mutane, kuma ya so ya ci gaba da zama wannan mutumin fiye da yadda ya zata. Amma ranar Alhamis ƙarfe tara akwai kujera da sunan Odessa a Greenville, da wata bayan mako uku, da wata bayanta.

Ya juya ya shiga ɗakin guga ya turo ƙofa. Ya yagi guntun samfefa mai laushi, ya ɗauki ƙofa ta farko ya ɗora a cinya. Bi biyu kawai rubutun Inez ya ɓace. Ya ciro fensir daga bayan kunne ya rubuta T.S. da hannun hagu, a kwance, yadda ya saba. Haka ya yi wa duk bakwai ɗin, ya naɗe su a bargo, ya tura amalanken zuwa bakin mota.